Risibar da Ke Cikin Kabad ɗin Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Ummanki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci.

Sau huɗu na kira wayarki a makon nan, kullum a kashe. Ummanki ta ce a situdiyonku ba a barin waya a kunne, wai ko tari mutum zai yi sai ya fita waje. Shi ya sa na ɗauko biro. Direban da ke kai mini kujeru garinku duk Talata da Juma'a ya ce zai riƙa miƙa miki takarda a ƙofar wajen aikinku, ya karɓo amsa. Ni ma hakan ya fi mini, domin a waya sai na ajiye nake tuna abin da ya sa na kira.

Ga maganar. Kin san da yayanki zai tashi zuwa sabon wajen aikinsa ya bar mana kayan kallonsa: risiba, wato na'urar da ke raba wa sifiku sauti, da sifika biyar, da ƙatuwar wufar nan mai sa kofuna rawa a kan tebur. Wata biyu suna jibge cikin kwali a lungun falo. Da kika aiko cewa fim ɗin da kika yi wa aikin sauti zai fito ƙarshen watan nan, sai na ce to, lokacinsu ya yi. Na haɗa su yadda yayanki ya kwatanta mini, ita kuma risibar na yi mata kabad da hannuna. Ba yabon kai ba, shekara arba'in ina aikin kafinta ban yi abin da ya fi shi ba. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ƙofarsa ta gilashi ce, idan aka rufe ko tururuwa ba ta samun hanyar shiga.

Sai dai akwai matsala. Idan muka yi kamar minti arba'in muna kallo, da an zo wajen da ake hayaniya, mota ta fashe ko gini ya rufta, sai ki ji ƙas, ta ɗauke. Hoto yana tafiya, bakin mutane yana motsi, mu kuma muna zaune shiru muna kallon jan haske yana ƙyaftawa. Sai an ba ta lokaci kafin ta yarda ta dawo.

Na je wajen mai shagon kayan sauti na bakin titi. Bai ma bari na kai aya ba ya ce ƙarfinta ne ya gaza, wai an ɗora wa ƙaramar mota kayan tirela. Ya ce maganinta a haɗa mata amfilifaya daga waje, ita ta riƙa ɗaukar nauyin sifikun. Ya nuna mini wata baƙa, da na ɗaga sai da bayana ya amsa. Maƙwabcinmu mai walda ma yana da irinta, ya ce tun da ya saka bai sake jin kunya a gaban baƙi ba.

Ina da halin saye, wannan ba damuwa ba ce. Amma na ce ina da 'ya mai wannan sana'ar, ba zan sayi abu ban ji ta bakinta ba. Na gayyaci mutane kaɗan ranar da fim ɗin zai fito, kuma ba na so a zo tsakiyar aikinki na'ura ta watsa mana ƙasa a ido.

Ki ba ni amsa a taƙaice: in saya ko kar in saya?

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa. Ya shago, ya bayan naka? Ka ce wa Umma ina cin abinci, har abokan aikina suna cewa in rage.

Da mai gadi ya miƙo mini ambulan na ga rubutunka, sai da na zauna a kan matakala na karanta sau biyu. Rabona da ganin rubutun hannunka tun lokacin da kake sa mini hannu a sakamakon jarrabawa.

Amsa a taƙaice: tukuna.

Kai ma, Baba, idan mutum ya zo ya ce teburinsa yana rawa, ai ba ka cewa ya sayi sabo sai ka duba ƙafafun, ka duba daɓen ɗakin. To ni ma sai na duba. Tun da ba na kusa, kai ne idona da hannuna.

Ka auna mini falon, tsawo da faɗi, da nisan da ke tsakanin kujerarka da sifikun gaba. Wannan na san har da inci za ka kawo mini. Sannan ka juya sifika ɗaya, a bayanta akwai 'yar takarda da lamba kusa da wata alama mai kama da ƙaramar ƙofa mai baka. Ka gaya mini takwas ce, ko shida, ko huɗu. Idan huɗu ce, sifikun masu ci ne da yawa, mai shago yana da magana. Idan takwas ce, risibar yaya ba ta cika wahala da irinsu ba.

Ka leƙa bayan risibar kuma. Na zana maka wasu ramuka a bayan takardar nan tare da rubutun da ke samansu. Ta nan ake jona amfilifaya. Ba kowace risiba ke da su ba, kuma idan babu su, ko kyauta aka ba ka amfilifayar sai dai ka ɗora fure a kanta. Tun da ka leƙa, ka bi wayoyin sifikun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci siririn gashin waya ɗaya ne ke karkacewa ya taɓa na kusa da shi, ita kuma risibar ta ɗauke don ta kare kanta.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi so in ji. Ka kunna, ku yi kallon rabin awa, sai ka buɗe kabad ɗin ka ɗora tafin hannunka a samanta. Ka gaya mini abin da ka ji. Washegari kuma ka gwada kallo da ƙofar a buɗe.

Baba, akwai wata magana. Don Allah kar ka sa rai da yawa. Ba za ka gan ni a fim ɗin ba, ba za ka ji muryata ba. Ni aikina ƙananan abubuwa ne: takun ƙafa, motsin riga, ƙarar cokali a kofi, numfashin mutumin da ya hau bene. Masu wasa suna gama nasu, ni kuma in shiga ɗaki da tarin takalma da tarkace in sake yin duk waɗannan a gaban makirfo. Idan na yi aikin da kyau, ba wanda zai san an yi shi. Sunana ma yana can ƙarshe cikin ƙananan rubutu, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Mutane kaɗan ɗin nan, su nawa ne?

Ka gaida Umma sosai. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Autata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Wannan takardar tsakanina da ke ce, a hannu na ba direba, babanki bai sani ba. Na san zai rubuto miki awo da lambobi, ni kuma bari in rubuto miki abin da ba ya cikin awo.

Mutane kaɗan ɗin da kika tambaya, a ƙirgen jiya su ashirin da shida ne. Duk wanda ya zo shago, ko kujera ya kawo gyara, sai ya tafi da gayyata. Har mai kawo masa man katako ya gayyata. Falonmu kuwa kin san shi, mutum takwas suka zauna na tara sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai a shago za a yi, zai ture injina gefe ya jera benci.

Ita kuma amfilifayar tana nan a falona. Mai shago ya ce ya kawo ta gida ya gwada, idan ta yi masa sai a yi magana. Ba a jona ta ba, yana jiran amsarki. Tana zaune a tsakiyar hanya kamar baƙuwar da ba ta faɗi ranar tafiya ba. Sau biyu ina tuntuɓe da ita.

Zafi kuwa kar ki tambaya. Da ya ɗora hannu yadda kika ce, ina kallonsa ya janye da sauri ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗumi ne kawai." Na ce bari in ji ɗumin. Auta, ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu. Kuma ni duk wannan ƙarar ba ta ƙara mini komai. Gini ya rufta ina ji har cikin haƙorina, amma mutum biyu suka zauna magana sai na yi ta cewa, "Me ya ce? Me ta ce?" Shi kuma ya ƙara murya, ginin ya sake ruftowa a kaina.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na san inda maganarki ta dosa, za ki ce ya huda kabad ɗin. Kafin ki faɗa, ki san da wane katako aka yi shi. Kin tuna shekarar da kika shiga karatun harhaɗa magunguna? A shekarar ya sayi wani katakon maɗaci mai kyau, ya ce da shi zai yi miki kanta ranar da za ki buɗe shagon maganinki. Da kika zo kika ce kin bar karatun kin koma sauti, ke dai abin da kika ji daga bakinsa shi ne, "Allah ya sa albarka." Amma washegari ya je shago ya lulluɓe katakon da tamfol, ya ɗaure da igiya. Shekara bakwai yana nan. Mutane sun zo sun taya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Ni ma na ce ya yi mini teburin cin abinci, ya yi kamar bai ji ba.

Ranar da saƙonki ya zo cewa fim zai fito, yana gama karin kumallo ya fita. Da na kai masa shayi shago na tarar ya kwance igiyar, yana shafa katakon yana murmushi shi kaɗai. Ya ce mini, "Ashe aikinsa daban ne."

Don haka ki lallaɓa. Ban ce ki ɓoye masa gaskiya ba, ki dai san ta inda za ki shiga.

Ki riƙa shan ruwa, kin ce ɗakin naku sanyi gare shi. Allah ya tsare mini ke.

Ummanki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, mun gode. Muna lafiya. Bayan nawa da sauƙi.

Ga awo. Falo ƙafa goma sha shida tsawo, goma sha uku faɗi. Daga kujerata zuwa sifikun gaba ƙafa tara da inci huɗu. Lambar bayan sifika takwas ce, na juya dukkansu biyar na duba. Ramukan da kika zana suna nan, amma guda biyu ne kawai, na sifikun gaba. A wayoyi na samu gashi ɗaya ya karkace a sifikar hagu ta baya, na murɗe shi na gyara. Na yi murna na ce shi ke nan. Minti hamsin ta sake ɗaukewa.

Na ɗora hannu. Akwai zafi.

Ranar Lahadi na bar ƙofar a buɗe, muka kalli fim biyu a jere, ɗaya ma na yaƙi ne. Ba ta ɗauke ba. Na gane abin da kike nufi, ba sai kin faɗa ba. Amma kabad da ƙofarsa take hangame ai ba kabad ba ne, rumfa ce. Kuma ba zan sa zarto a jikinsa ba. Wannan ki cire shi daga lissafi.

Na koma wajen mai shago na faɗa masa. Ya ce, "Ai maganata ce ta fito, Baba. Zafi take yi saboda tana wahala. Ka ba ta mai taimako, zufar za ta ragu."

Na ce, "'Yata ta ce tukuna."

Ya ce, "'Yarka me take yi?"

Na ce, "Sautin da kuke sayar da kayan ji, ita take yin sa."

Sai ya jawo mini kujera. Yaron kirki ne, ban ga alamar yana son ya cuce ni ba. Abin da ya sani yake faɗa, kuma maganarsa ta shiga kunnena.

Akwai kuma dalili na biyu. Mutanen sun ɗan ƙaru, yanzu talatin da ɗaya ne. Ban gayyaci kowa da gangan ba, magana ce take kawo magana. Na yanke shawarar a kwashe kayan a kai shago, can akwai fili, ƙafa arba'in ne da talatin, rufin kwano mai tsawo. Jiya na gwada da sifika biyu a can, sai na ji sautin ya zama kamar rediyon aljihu. Kin ga ko don wannan ma amfilifayar tana da aiki.

Kin ce kar in sa rai da yawa. Ni kafinta ne, Auta. Mafi yawan aikina yana inda ido ba ya kaiwa, cikin haɗin katako da bayan kabad. Wanda ya zauna a kujera bai ji ta motsa ba, ba ya tambayar wa ya yi ta. Saboda haka na san irin aikinki, kuma ina so mutane su zo su ji.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ina jiran amsa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Babana,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Na ga awo, har da inci huɗun, na gode.

Yanzu zan iya ba ka amsa, sai dai amsar biyu ce, domin tambayar ma ta zama biyu.

Idan a falo ne, ba ka buƙatar amfilifaya. Ɗakin ƙarami ne, kana zaune kusa, sifikun ba masu ci ba ne. A irin muryar da kunne ke iya ɗauka a ɗakin nan, risibar ko rabin ƙarfinta ba ta taɓawa. Kuma ƙarfi ba ya tafiya yadda mutane suke zato. Ko ka ninka shi biyu, ɗan abin da zai ƙaru a kunne kaɗan ne, kamar danna rimot sau biyu ko uku. Risibarka ba gazawa ta yi ba, numfashi ta rasa. Mai shago ya faɗi rabin gaskiya, mai taimako zai rage mata zufa. Amma shi mai taimakon ma zufa yake yi, har ya fi ta. A ina za ka ajiye shi? Idan a cikin kabad ne, ka kulle mutum biyu a ɗakin da mutum ɗaya ya kasa numfashi.

Idan a shago ne, gaskiyarsa, kana buƙatarta. Wataƙila ma har da sifiku manya. Fili ne babba, ga mutum talatin, jikin mutane kuma yana shanye sauti. Za a ji ƙara, za a ji kiɗa, za a yi tafi. Sai dai rufin kwano da bangon siminti suna maido da sauti, komai ya haɗe. Abin da zai fara ɓacewa shi ne nawa.

Akwai wani waje a tsakiyar fim ɗin, minti huɗu ba a magana ko ɗaya. Wata mata ce ta koma gidan da ta girma bayan an kwashe kaya, tana bin ɗakunan ita kaɗai. Kwana tara na yi a kan minti huɗun nan. A shago za a ga mace tana yawo a gida babu kowa, wani ya yi hamma. A falo za a ji ta.

Zaɓi naka ne, Baba, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Idan ka tara mutum talatin don ni, ko ba su ji takun ƙafa ɗaya ba, na riga na samu abin da ya fi ƙarfina.

Maganar kabad kuma, ni ban ce ka sa zarto ba. Na san wane katako ne. Kar ka tambaye ni inda na ji, kar kuma ka kalli kowa a gida. Na daɗe zaune da takarda a hannu kafin in iya komawa aiki, har shugabana ya leƙo ya ce ko lafiya. Na ce lafiya, kanta aka yi mini.

Ni sauti na sani, katako kai ka sani. Abin da na'urar take nema kaɗan ne: iska ta shigo ta ƙasa, ta fita ta sama, da tazarar yatsu huɗu a kanta. Yadda za a yi wannan ba tare da an ɓata aiki ba, na bar wa mai shekara arba'in a sana'a.

A ɗaya takardar na rubuta maka yadda za ka shiga saitin da rimot. Abu biyu ne. Za ka gaya mata sifikun ƙanana ne, sai ta tura duk nauyin rugugi wajen wufa, wadda take da nata ƙarfin a cikinta. Wannan kaɗai zai rage zafin sosai. Sannan ka ɗaga sifikar tsakiya da maki uku, ta nan magana take fita. Ina jin akwai wadda za ta gode maka.

Aiki ba zai bar ni in zo ranar ba, amma zuciyata tana nan. Ka gaida Umma. Allah ya saka da alheri.

'Yarka,
Auta

*

Autata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na san kin zuba ido kin ji shiru, direba ya zo sau uku hannu wofi. Babanki ne ya ce kar a rubuto sai an gama. To an gama, bari in ba ki labari.

Da ya karanta takardarki ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kalle ni ta saman tabarau. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Kwana biyu yana zagaya kabad ɗin da fensir a kunne. Rana ta uku ya sa aka ɗauke shi zuwa shago. Ya zare allon baya gaba ɗaya, bai rage masa ko faɗin ɗan yatsa ba, ya tsaga shi siri-siri ya mayar da shi a jere a karkace, kamar tagar katako. Ta gaba ba ki ganin komai, ta baya iska tana wucewa. Ya ɗaga ƙafafun, ya sauke shiryayyen ciki. Wallahi ya fi da kyau. Yanzu duk wanda ya shigo sai an janyo kabad ɗin an nuna masa baya.

Baƙuwar tawa ma ta tafi. A baro ya mayar da ita. Mai shago ya biyo shi ya ga aikin, ya ɗora hannu a kan risibar bayan awa biyu tana aiki, ya ce, "Baba, irin wannan guda nawa za ka iya yi mini a wata?"

Mutanen kuwa raba su ya yi gida huɗu, kamar takwas-takwas. Juma'a da yamma, Asabar safe da yamma, Lahadi da rana. Ya rubuta wa kowa lokacinsa a 'yar takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa da kwando, kowa ya shigo ya ajiye waya a ciki. Ya cire agogon bango saboda yana ƙas-ƙas. Ni ya hana ni kawo abin taunawa, wai sai an tashi.

Da aka zo wajen matar nan a gidan da babu kowa, Auta, falon ya yi tsit. Ana jin takalminta a kan siminti, ta shiga wani ɗaki sautin ya canza, ta ja yatsa a bango ana ji. Gwaggonki ta waiga baya, ta zaci wani ne ya shigo mana. Matar mai walda ta share hawaye. Shi kuwa mai walda da aka tashi ya ce, "To ina ka ɓoye amfilifayar?" Babanki ya buɗe masa kabad ya ce ya nema.

Ba wanda ya tashi neman takalmi. Da rubutun ƙarshe ya fara tafiya ya ce kowa ya zauna, ya riƙe rimot kamar mai jiran kifi, sunanki yana fitowa ya tsayar. Sau huɗu aka yi haka, sau huɗu ana tafi.

Ni na kalla duka huɗun, kuma ban ce "me ya ce" ko sau ɗaya ba. Yanzu ma ni nake riga su faɗa.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya sa ki fi haka. Ga tasa takardar a ciki, ya manne ta, bai bari na gani ba.

Ummanki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ummanki ta ba ki labari, na san ba ta rage komai ba, wataƙila ma ta ƙara.

Ban sayi amfilifaya ba. Risiba ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Kin yi gaskiya.

Aikinki ya yi kyau. Ban iya dogon yabo ba, kin sani. Bayan baƙi sun watse ranar Lahadi na sake saka wajen nan na minti huɗu, na rufe ido, kuma na san kowane ɗaki ta shiga da girmansa. Wanda ya iya wannan ya iya sana'a.

Amma akwai gyara ɗaya, kuma ba zan ɓoye miki ba. A ɗaki na uku, matar ta jawo aljihun wani tsohon tebur da aka bari. Teburin da na gani a hoto na katako ne mai nauyi, irin aikin da, ko makaho ya shafa zai sani. Aljihun da na ji kuwa na filawud ne, mai siririn gindi, irin na kasuwa. Katako mai nauyi ba ya cewa kwararas. Yana jan jiki ne a hankali, ya ɗan tirje a tsakiya, sannan ya tsaya da murya mai kauri. Sau uku na maimaita don kar in zalunce ki. Filawud ne.

Ban faɗa wa kowa ba.

Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a sana'arki.

Mahaifinki

*

Baba,

Wa'alaikumus salam, ina gaisuwa.

Filawud ne. Aljihun teburin mai gadinmu ne, shi kaɗai na samu a ranar. Mutum goma sha biyu suka saurari wajen nan a situdiyo kafin ya fita, da manyan sifiku da amfilifaya jere, ba wanda ya ji.

Na karanta wa shugabana takardarka. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce in tambaye ka ko kana karɓar baƙi a shago.

Ina zuwa ranar Asabar da makirfo biyu. Ka fito mini da duk tsofaffin aljihunan da kake da su. Ƙofar shagon kuma don Allah kar ka sa mata mai, kukan nan nata nake so.

Ka gaida Umma. Sai na iso.

'Yarka,
Auta